Tsakanin Galma Da Dalma

Manoman ƙasar nan sun daɗe da sanin takardar nan mai hotuna wadda malamin gona kan zo da ita ya manna a jikin zauren dagaci, ko a gindin tsamiyar kasuwa. Wata tana nuna yadda ake feshin auduga, wata tana nuna tazarar da za a bari tsakanin shuka da shuka, wata kuwa gargaɗi take yi a kan maganin ƙwari. Mutane su taru su duba, yara su yi ta nuni da yatsa, bayan 'yan kwanaki iska ko akuya ta yi gaba da ita. Amma ba safai akan tambayi wanda ya zana ta ba, balle a tambayi inda ya koyo. Alhali kuwa zane sana'a ce da ake shiga makaranta a koya, kamar malantar gona ko aikin asibiti, kuma mai koyonta yakan sha wuya kafin hannunsa ya faɗa.

A Arewa, Zariya ce uwar wannan aiki. Can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, can kuma Hukumar NORLA ta yi ta fitar da 'yan littattafan Yaƙi da Jahilci masu hotuna a cikin shekarun 1950, zamanin da motar majigi ke bin ƙauyuka tana nuna Baban Larai don a kyautata noman auduga. A 1955 aka taso da sashen koyon zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗaliban wannan sashe ne, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna cewa bai kamata mai zane ya kwaikwayi Turai kaɗai ba, ya bar abin da ya tarar a gidan ubansa. Har yanzu ana koyar da zane a jami'ar, ga kuma ofishin NAERLS a Samaru, wanda aikinsa shi ne kai wa manoma sakamakon bincike ta rediyo da takardu da hotuna.

To, a ƙaddara malami ya shigo aji ya ce kowane ɗalibi ya zaɓi wata masifa da ke damun mutanen karkara, ya zana ta cikin hotuna shida a jere, irin zanen barkwancin nan da ake gani a jaridu, yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai duba ya gane, a kawo masa cikin mako uku. A ƙaddara kuma a cikin ɗaliban akwai wani Bazamfare, ya ce shi labarin 'Yargalma zai zana. Lalle wannan yaro ya ɗauko wa kansa kaya mai nauyi. Gama mugun da ya yi ɓarna a 'Yargalma ba ya ganuwa, shi kuwa mai zane ba shi da jari sai abin da ido ke gani.

Abin Da Ya Auku A 'Yargalma

'Yargalma ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, wadda ke tsakanin Anka da Gummi, a cikin Lardin Sakkwato na da, kafin a yanke Jihar Zamfara a 1996. Mutanensa manoma ne, gero da dawa da wake da gyaɗa. Ko sunan garin ma da galma a cikinsa, watau garmar huɗa a bakin Kanawa. Amma damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara rani ne, ga shi kuwa Allah ya binne zinariya a cikin duwatsun ƙasar. A 2001 ozar zinariya ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A 2010 ta haura dala 1,200. Kowa ya san abin da magidanci zai yi in ya ga haka, rumbu na ƙasa, rani na da tsawo.

Ga yadda aikin ya kasance. Maza su tafi rami su haƙo dutse, su cika buhu su kawo gari. A farfasa shi da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, ya fito lukui kamar garin tuwo. Sa'an nan a wanke da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, abin da ya saura a shanya shi a tsakar gida don a sake bi ta kansa. Tun da shi ke mata suna cikin gida, sai aikin ya bi su har can, su ma su sami na cefane. Abin da ba wanda ya sani shi ne, jijiyar dutsen da aka tarar a wannan lokaci cike take da dalma, wadda Kanawa ke kira darma. Tsakanin galma da dalma harafi ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ne ya riƙe su, gama mai haƙar rani shi ne mai huɗar damina.

Agwagi ne suka fara tafiya. Tun farkon 2010 mutane suka ga agwaginsu na ƙarewa, ba a ɗauki abin bakin kome ba. Sa'an nan ya faɗo kan ƙananan yara: amai, ciwon ciki, kasala, daga nan sai jijjiga, sai rasuwa. Mai cewa zazzaɓin sauro ne, mai cewa sanƙarau ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagaya don sa ido a kan sanƙarau, suka ji labari suka zo. Aka ba da maganin zazzaɓi, bai yi ba. Sai da aka aika da jinin yaran Turai aka auna, aka tarar dalma ce.

A watan Mayu ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, tare da na Nijeriya, suka bi gida gida a 'Yargalma da Dareta ta ƙasar Anka. Sun shiga gidaje 119. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, an tarar 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Aka auna jinin yara 204 daga cikin waɗanda suka saura, ba ko ɗaya da ba shi da dalma, kuma 198 daga cikinsu ta kai ma'aunin da likita ke cewa sai an ba da magani na musamman. Wajen gida biyu cikin uku ana aikin dutse a cikinsu. Ƙasar wasu wurare kuwa, da aka auna, dalmar da ke ciki ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, watau in aka cika buhu goma da ƙasar wurin, nauyin buhu guda dalma ce tsantsa. A lokacin, iyakar abin da Amurka ta yarda da shi a wurin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu a wannan yanki, dubbai kuma suka kamu.

Hannun Farko

Wannan shi ne labarin da ɗalibinmu zai dunƙule a cikin hotuna shida. Hannun farko, abin da ya saba gani a jarida da talabijin shi zai fito daga alƙalaminsa. Zai zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye bisa buhun dutse. Zai zana mai haƙa da manyan idanu, haƙora waje, kuɗi na yawo a cikin wani gajimare bisa kansa don a san abin da yake tunani. Yaro marar lafiya kuwa zai sa masa taurari suna zagaya kansa, ya ja ƙaton gicciye ja a kan turmi. 'Yan ajinsu za su yaba, watakila malami ma ya ba shi maki mai kyau, domin layinsa ya fita, inuwarsa ta zauna.

Amma malamin kirki ba zai tsaya nan ba. Zai ce masa ya naɗe takardarsa, ran kasuwa ya nemi dattijo manomi wanda bai san kome game da aikin ba, ya shimfiɗa masa, ya ce, "Baba, me ka gani a nan?" sa'an nan ya kama bakinsa. Wannan kame bakin shi ne mafi wuya, gama zuciya za ta yi ta ingiza shi ya yi bayani, alhali ran da aka manna takarda a zaure ba ya nan balle ya yi wa kowa bayani. A nan zai ji abin da bai zata ba. Dattijo na iya cewa, "To, ɗana, na ga mutum hadari ya taso masa bisa kai. Wannan yaron kuwa dare ya yi masa, ga taurari. Turmin nan an ɗora masa itace biyu, ko na sayarwa ne?" Ba wauta ba ce. Gajimaren tunani da taurarin jiri da gicciyen hani duk harshe ne, koyonsa ake yi kamar abacada, wanda bai girma da jarida ba ba shi da dalilin saninsa. Shi ma ɗalibin in aka kai shi gona aka ce ya bambanta maiwa da gero tun suna ƙanana, haka zai yi ta raba ido.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu aikin gona. Robar maganin ƙwari tana zuwa da ratsi a gindinta, ja ga mai tsananin dafi, rawaya ga mai bi masa, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore, da 'yan hotuna a jere masu nuna safar hannu da takalmi da wanka. Hukumar Abinci ta Duniya da kamfanonin magani suka shirya su a shekarun 1980 don waɗanda ba su karatu. Duk da haka, da aka gwada su ga ma'aikatan gonakin inabi a Afirka ta Kudu, da yawa sun ba su ma'anar da ba ita aka nufa ba. Wani Bature ɗan Norwe, Andreas Fuglesang, wanda ya yi aikin wayar da kai a kan abinci a Zambiya, ya gwada wa mutanen ƙauye hotuna iri iri, ya tarar wanda suka fi ganewa shi ne hoton abu kamar yadda yake, amma an share duk tarkacen da ke bayansa. Watau a nuna turmi sosai, a bar bishiya da kaji da gajimaren da aka sa don ado.

Akwai kuma wani tarko wanda ɗan boko ba ya tunawa da shi. Shi daga hagu yake fara karatu ya nufi dama, haka kuma zai jera hotunansa: yaro lafiyayye, yaro na wasa cikin ƙura, yaro kwance. Amma mutumin 'Yargalma da ya yi makarantar allo daga dama idonsa ke farawa. In ya bi hotunan yadda ya saba bin allo, ga abin da zai karanta: yaro kwance ba lafiya, ya yi wasa cikin ƙura, ya miƙe garau. Takarda ta faɗi kishiyar abin da aka aike ta. Maganin wannan shi ne a jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, domin boko da ajami duk sun yarda daga sama ake farawa. In za a sa rubutu kaɗan a ƙarƙashi, a sa shi boko da ajami duka, kuma da bakin mutanen wurin. Inda ake cewa ɗiya da hwara, takarda ta zo da Hausar ofis, tun daga nan an san baƙuwa ce.

Manomi kuwa ba ya yafe kuskure a kan kayan aikinsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In aka zana galma da ƙotar gatari, ko rumbu irin na wata ƙasa, ko mace tana daka ta riƙe taɓarya yadda ba mai riƙewa, sai hira ta koma kan wannan, a yi dariya, a ce mai zanen bai san ƙauye ba, maganarsa ta faɗi ke nan.

Yadda Za A Zana Abin Da Ba A Gani

Saura babbar matsala. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta da launin da ya raba ta da ƙurar tsakar gida, kuma babba na iya yini cikinta ya tashi yana jin kansa lafiya. Yaro ne ke kwasa, domin shi ke rarrafe, shi ke kai hannu baka, kuma cikinsa na tsotse dalma kamar ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, balle in yana fama da ƙarancin abinci. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ya tsira ma yakan tashi da rauni a fahimta, wani da makanta ko shanyewar gaɓa. Tana kuma kwanciya cikin ƙashi shekara da shekaru, in yarinya ta girma ta sami ciki sai ta fito ta shiga jikin ɗan tayi. Ina mai zane zai kama wannan?

Dabara ta farko da za ta zo masa ita ce ya mai da ƙurar wani ɗan dodo mai ƙaho, yana leƙe daga cikin buhu. A jarida wannan ya yi. A ƙauye kuwa wanda ya gani zai ce ashe aljani ne, ya nufi wajen mai ruƙiyya, ƙura na nan inda take. Ma'aikatan lafiya suna da wani labari da suke yawan ba juna, na mutanen da aka nuna musu ƙaton hoton ƙuda a majigi, suka ce Allah ya kyauta, su dai nasu ƙudajen ƙanana ne. Dabara ta biyu ita ce ya shafa wa ƙurar jan launi. Wannan ta fi, amma sai ya yi hankali, kada a ce ai tamu ba ja ba ce.

Abin da ya fi dacewa shi ne ya bar neman siffar ƙurar, ya bi sawunta, yadda maharbi ba ya ganin nama sai ya bi sawu. Hoto na ɗaya, magidanci a bakin inji, rigarsa ta yi furu-furu. Na biyu, ya shigo gida da rigar nan, ɗansa ya rugo ya rungume shi. Na uku, ya tuɓe ta ya yar bisa tabarmar da yaron ke zama. Na huɗu, hannun yaron daga tabarma zuwa baki. Mutum ɗaya, riga ɗaya, a kowane hoto, don ido ya riƙe ta ya bi. Ba dodo, ba ƙoƙon kai, amma duk uban da ya duba zai ga kansa, domin jiya ma haka ya shigo gida.

Nan ne kuma labarin ya zama na wannan fili sosai. Da masu bincike suka bi diddigin abincin ƙauyukan, sun tarar yawancin dalmar da ke cikin tuwo ba daga gona hatsi ya tsotso ta ba. Bayan girbi ta shiga: wajen sussuka da shiƙa a ƙasar da ta gurɓata, wajen shanya, wajen daka da niƙa da girki a gidan da aka yi aikin dutse. Watau gero ya baro gona da tsarkinsa, a gida ya ɗauki guba. Saboda haka hoton da ya fi kowane amfani a takardar nan mai sauƙi ne ƙwarai: turmi biyu, ɗaya can bayan gari kusa da tarin dutse, ɗaya a tsakar gida kusa da rumbu, da tazara mai yawa a tsakaninsu. Haka inji biyu, haka buhu biyu. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse ya gama da hatsi har abada, kome kyansa, ko da shi ke an san buhu kuɗi ne, kuma ba mai son yar da shi.

Agwagwa ma tana da gurbi a takardar. Ita ke yini tana tsotsar laka a bakin kududdufi inda ake wanke garin dutse, don haka ita ta fara faɗuwa. Makiyayi ya san in saniya ta ƙi kiwo akwai dalili. Haka ya kamata duk garin da ake aikin dutse su ɗauki mutuwar agwagi da kaji ba dalili, su ruga su gaya wa ma'aikacin lafiya da malamin dabbobi tun abin bai hau kan yara ba.

Ina Za A Sa Dariya?

Malami zanen barkwanci ya ce a yi, barkwanci kuwa sai da dariya. Amma a garin da gida ɗaya ya binne yara biyu ko uku, da wa za a yi dariyar? Ba da yaron ba. Ba da uwar ba. Mai haƙa kuwa, in aka zana shi wawa mai kwaɗayi, an zagi mutumin da ake so ya saurara, kuma an yi masa ƙarya, domin don 'ya'yan nan ya shiga rami. In lalle sai an sa raha, a ɗora ta a kan abin da ba ya jin zafi. A zana jaki ya toge a ƙofar gari da buhun dutse a bayansa, mai shi na ja yana ƙi, agwagwa na gefe tana harararsu. Mutane za su yi murmushi, kuma sun ji saƙon: dutse ba ya shiga gari. Wannan kuwa shi ne umarnin da sarakunan yankin suka bayar a 2010, cewa a fitar da injuna da aikin dutse bayan gari.

Akwai jarrabawar da ta fi wannan. Ɗalibi mai zafin zuciya zai so hotonsa na ƙarshe ya ce a bar haƙar zinariya, a koma gona. Faɗar wannan a aji ba wuya. Amma Gwamnatin Tarayya da kanta ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage ba sai Disamba 2024, kuma duk tsawon lokacin ramuka ba su rasa mutane ba. Abin da doka da soja ba su hana ba, takardar bango ba za ta hana ba. Gara ta roƙi mutum abin da zai iya: ya bar dutse a daji, ya yi wanka ya sake riga kafin ya shiga gida, kada a kai yara wurin inji, kada a yi tubali da ƙasar wurin niƙa, a rufe bakin rijiya, a shanya hatsi da kuka bisa tabarma mai tsabta, a wanke hannun yaro kafin ya ci. Akwai kuma jiƙa dutse. Da MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa a ƙauyukan haƙa, dalmar da ke tashi cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Ruwa kawai. Wannan ya cancanci hoto nasa shi kaɗai.

In ɗalibin yana neman hoton da zai ba mutane ƙarfin zuciya, ba sai ya ƙaga ba, ya riga ya faru. Maganin da likitoci ke bayarwa yana jawo dalma daga jini ta fita ta fitsari, amma ba shi da amfani in yaro zai koma gidan da ya kwaso ta. Don haka sai da aka kankare ƙasa. A watannin Yuni da Yuli na 2010 aka yi 'Yargalma da Dareta, da taimakon kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith na Amurka da Gwamnatin Jiha, ana jinyar yara a asibitocin Bukkuyum da Anka. Daga Oktoba 2010 zuwa Maris 2011 aka yi Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013. Ana kankare wajen inci biyu na saman ƙasa, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. A garuruwa takwas an kwashe fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820. In tifa na ɗaukar kubik mita 10, sawu 2,700 ke nan. Yawancin wannan aiki kuwa mutanen garuruwan ne suka yi shi da hannu, da kayan nomansu.

Wa Zai Gani, Yaushe?

Ko zane ya yi kyau, sai ya isa inda ake bukatarsa. Takardar da aka manna a zaure ta maza ce, turmi da tabarma da hannun yaro kuwa suna can ciki, inda saurayi baƙo ba ya shiga. Ɗalibin sai ya nemi yayarsa ko gwaggonsa, ko ungozoma, ko malamar Islamiyya, su shiga da zanen su gwada wa mata, su komo masa da abin da aka ce, ko da mai ɗaci ne. Wasu gidajen kuma ba su rataya hoton mai rai a ɗaki, don haka ɗan kati da za a nuna a mayar cikin jaka ya fi babbar takarda shiga. Ya yi layinsa da kauri, baƙi da fari, yadda injin kwafi na bakin kasuwa zai iya fitarwa da araha, kuma yadda zai fito sarai in an ɗauke shi a waya an tura wa wani. Launi yana da tsada, rana kuma na cinye shi cikin wata guda.

Kada kuma a ce zancen ya wuce. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a Shikira, ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A watan Fabrairu na 2022 MSF ta miƙa aikin dalma na Zamfara ga hukumomin jiha. Gidan da aka kankare kuwa buhu ɗaya ya isa ya mai da shi yadda yake da. Yaron da aka haifa a 'Yargalma shekarar da aka kankare ƙasa yanzu ya tasa, ya isa riƙe galma, ya isa saɓa buhu, kuma bai ga mutuwar agwagi da idonsa ba.

Game da lokacin mannawa, ba da damina ba ne, sa'ad da kowa ke gona, ruwa kuma na jiƙa bango. Da kaka ne, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake ɗaure dammuna ana kaiwa rumbu, mata na shirin sussuka, samari kuma sun fara gyaran guduma da igiya za su koma rami.